Mijin Darakta

Ranar Asabar ce da hantsi. Darakta tana zaune dirshan a tsakar falo, takardun wasa baje a gabanta har ƙarƙashin kujera, biro ɗaya a hannu, ɗaya soke a bakin ɗankwali. Mijinta Dogo yana tsaye yana goge riga a kan tebur, yana maimaita layukansa ƙasa-ƙasa kamar mai lazimi.

"Ka sake cinye kalmar ƙarshen nan," ta ce ba tare da ta ɗago ba.

"A gida muke fa, Hajiya. Sai ƙarfe huɗu kike zama shugabata."

"To Yallaɓai, a taimaka a daina cinye mini kalmomi. In yunwa ce ga burodi can a kicin."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta murmusa ta ci gaba da rubutunta.

Sunan Darakta ya bi ta ne tun tana kwaleji, lokacin da ta tara abokan karatu ta kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a wani aji da ba a amfani da shi. Shekara bakwai ke nan tana jan ƙungiyar, ita ke rubutawa, ita ke tsarawa, ita ke raba faɗa. Dogo kuwa malamin firamare ne da ya zo kallo wata rana. Ta ji muryarsa daga can baya, ta ce ya zo ya gwada karanta layi biyu. Daga layi biyun nan aka kai ga aure, yau shekara biyu. Yanzu kuma babban zauren wasanni na gari ya ba su rana a karo na farko, saura mako uku. Wasan sabon salo ne, babu kiɗan na'ura ko ɗaya. Ƴan wasan ne ke yin sautin komai da bokiti da tsintsiya da murfin tukunya, sai ganga guda a gefe.

Aka turo ƙofa da sallama a taƙaice. Anti ce, yayar Dogo, mayafi a kafaɗa, waya a hannu.

"Sannu da zuwa, Anti. Bari in kawo miki ruwa."

"Riƙe ruwanki. Kai, zo ka ga kanka."

Ta miƙa masa wayar. Bidiyo ne na wajen rihazal, inda suke gwajin wasa. Ga Dogo a tsakiyar fili, ga muryar Darakta tana tashi: "Dogo, durƙusa. A'a, ba haka ba, tashi. Sake. Wai kai gwiwar taka ta katako ce? Sake." Sau biyar yana durƙusawa yana tashi. Wanda ya ɗauka ya yanke gaba ya yanke baya, ya rubuta a ƙasa: Allah ya raba mu da zama mijin-ta-ce.

"Tun jiya yake yawo a wayoyin dangi," in ji Anti. "Maigidana ma abokansa sun sa shi a gaba. Mama ko abinci ta kasa ci. Ta ce ku same ta a shago bayan azahar, ku biyun."

"Anti, wasa ne fa. Aikin ke nan."

"Ba da ke nake ba. In kin je sai ki yi mata darakta ɗin."

Ta fice. Dogo ya daɗe yana kallon ƙasa, har sai da ƙauri ya tashi, suka ga dutsen guga ya cinye kafaɗar rigar.

Mama, mahaifiyar Dogo, tela ce da ta yi suna. Shagonta keken ɗinki shida ne a jere, ga ƴan koyo, ga wani ɗan ɗaki a baya inda ake tara yadi. A nan ta zauna a kan kujera, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Baba, mijinta, yana can kusurwa da tabarau a kan hanci yana ɗaura maɓalli a wata riga. Darakta ta durƙusa ta gaishe su. Baba ya amsa da fara'a, Mama ta amsa da ka.

"Ni na haife shi," Mama ta fara, "kuma tun da na haife shi ban taɓa sa shi ya durƙusa sau biyar a jere ba. Sai ke."

"Mama, ba ni yake durƙusa wa ba. A cikin wasan shi uba ne da ya fito daga gidan yari, ya zo neman gafarar ƴarsa."

"Au, har ɗan fursuna kika mai da shi?"

Dogo ya buɗe baki, Mama ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"Ba dogon zance na kira ku ba. Shugabancin nan ya koma hannunsa. A sa sunansa a takardar talla, shi zai riƙa ba da umarni. Ke in kina da shawara ki ba shi a ɗaki, kamar kowace matar kirki. In kuwa kin ƙi, ya fita daga wasan nan yau, sauran kuma na san abin da zan yi a kai."

Babu wanda bai gane me take nufi da sauran ba. A gidansu an koya wa Darakta ba a mayar wa suruka magana, kuma shekara biyu ba ta taɓa yi ba. Ta sunkuyar da kai, amma muryarta ta fito sarai.

"Mama, ki ce in riƙa zuwa ina share shagon nan kullum, zan zo. Ki ce in roƙe shi gafara a gaban duk dangi a kan maganar gwiwar nan, zan roƙa. Amma mutum goma sha ɗaya ne suke bina shekara da shekaru, sun san wanda ke aikin. In tsaya in ce musu ba ni ba ce, wannan ba zan iya ba. Ki yi haƙuri."

Kekunan da ke waje duk suka tsaya. Mama ta kalle ta tun daga sama har ƙasa, sannan ta juya ga ɗanta.

"Ka ji da kunnenka. Ku tashi ku ba ni wuri."

Suka koma gida. Sai da Dogo ya rufe ƙofa sannan ya zauna a hannun kujera, ya sassauta murya.

"Ki duba, suna ne kawai. A rubuta nawa a fosta, takardar tallan nan, ke ki ci gaba da komai yadda kika saba. Mama ba zuwa rihazal take yi ba."

"Ranar da fitila ta ɗauke a tsakiyar wasa, wa za su kalla? Ranar da biyu suka yi faɗa, wa zai raba? Mai suna a fosta ko ni?"

"Ke nan ni ban isa ba."

"A kan dandamali babu kamarka, ka sani, ni ma na sani. Amma ba ka taɓa rubuta layi ɗaya ba, ba ka taɓa tsara fitowa ɗaya ba. In kana so ka koya, wallahi da hannuna zan koya maka, ranar da ka fi ni in sauka da murna. Amma ba don wani ya yi mana dariya a waya ba."

"Uwata ce ta yi magana, ba wani ba."

"Kai me ka ce? Tun safe ban ji naka ba."

Ya miƙe tsaye, idonsa ya kaɗa.

"Nawa shi ne, ɗalibaina sun ga bidiyon nan. Jiya ina shiga aji wani ya ce 'sake' ƙasa-ƙasa, duk suka fashe da dariya. Ban gaya miki ba ne. Ki nemi wani ya durƙusa miki, ni na gama."

Ya ɗauko takardunsa na wasa ya ajiye mata a kan tebur, ya shige ɗaki. Ta zauna tana kallon takardun, hawaye na sauka ba ta share ba. Ƙarfe huɗu saura kwata ta wanke fuska, ta yafa mayafi, ta tafi rihazal ita kaɗai.

Kafin kwana biyu magana ta kai gidansu. Ummanta ta kira ta a waya.

"Ke wace irin yarinya ce? A kan wasan kwaikwayo za ki kashe aurenki? Ki bar masa mana. In kuma ba za ki bari ba, ki tattaro ki dawo gida da mutuncinki kafin a miƙo miki takarda."

"Umma, ba zan bar masa ba, kuma ba zan dawo ba. Ɗakina ne, mijina ne. Ban yi abin kunya ba."

"Taurin kan nan naki zai kai ki ya baro."

"Ki yi mini addu'a kawai, Umma."

Haka gidan ya koma. Da safe ta haɗa masa shayi, ta goge masa kaya, ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Da rana ta yi girki ta rufe masa. Ƙarfe huɗu saura kwata ta ce, "Yallaɓai, na tafi," shi kuma ya ce, "A dawo lafiya," ba tare da ya kalle ta ba. Bai taɓa cewa kada ta je ba, ita ma ba ta taɓa roƙonsa ya dawo ba. Anti kuwa kullum sai ta kira shi, ana jin muryarta daga wayar tana tambaya ko ya rubuta takardar saki.

A wajen rihazal abin ya fi muni. Wani tsohon sito ne suke amfani da shi, sun zana iyakar dandamali da alli a ƙasa. Ta gwada maza uku a gurbin uban, kowa ya fi wani lalacewa. Na farko yana ihu kamar mai talla, na biyu dariya ke kama shi da zarar ya durƙusa, na uku ya kasa haddar layi huɗu. Ƴar Fara, wadda ke fitowa a matsayin ƴar, ta jefar da takardarta.

"Darakta, gaskiya mu ce wa masu zauren nan a ɗaga. Ba Dogo ba wasa. Ko kuma ki je ki ba shi haƙuri, ki ba su abin da suke so. Mu ba ruwanmu da sunan da ke fosta."

"Ni da ruwana. Kuma ba za a ɗaga ba."

"To da wa zan yi magana a fitowar ƙarshe? Da bango?"

A gefe Mai Ganga, dattijon da ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, yana ɗan taɓa gangarsa don ya rage zaman banza. Sautin ya fito a hankali, kamar mutum yana gunaguni a bayan ƙofa. Darakta ta juya ta zuba masa ido.

"Baba Mai Ganga, sake yin wannan."

Ya sake.

"In na karanta maka layin uban, za ka iya faɗarsa da ganga? Ba kiɗa ba. Magana."

"Ƴata, shekara arba'in ina kiɗa, ban taɓa jin an ba ganga matsayin uban wani ba."

"Yau za ka ji. Uban ba zai shigo ba sam. Yana bayan ƙofa, kunya ta hana shi shigowa. Mutane ba za su gan shi ba, ba za su ji kalmominsa ba, sai ganga. Daga amsar da ƴar ke bayarwa za su gane abin da yake cewa."

Aka yi ta gunaguni, wani ya ce abin zai zama abin dariya. Ta ce a gwada sau ɗaya, in bai yi ba ita da kanta za ta je ta ce a ɗaga. Ƴar Fara ta tsaya tana fuskantar wata tsohuwar ƙofa da suka jingina da bango. Ganga ta yi magana, gajeriya, a tsorace. Ƴar Fara ta ce, "Na ji ka. Ba zan buɗe ba." Ganga ta sake, ta ja dogo, ta karye a tsakiya. Muryar Ƴar Fara ta fara rawa da gaske: "Shekara tara, Baba. Ko wasiƙa." Kafin a kai ƙarshe, mai riƙe da bokiti ta ajiye shi tana share ido da bakin zane.

Kowa ya yi ta murna, ban da Darakta. Bayan an watse ta zauna a kan benci ta rufe fuska. Ta gane wasan ya fi na da kyau, ta gane za ta iya yi ba tare da mijinta ba, kuma ba abin da take so ta gane ke nan ba.

Mai Ganga bai tafi ba. Ya rataya gangarsa ya zo ya tsaya a kanta.

"In faɗa miki wata magana, ba za ki ce tsoho ya cika shisshigi ba?"

"Faɗi, Baba."

"A kan shugabanci kina da gaskiya, kada ki saki. Amma bakinki yana da kaifi. Ni kaina ranar da kika ce hannuna ya tsufa, sai da na kwana biyu ban ji daɗi ba. Gyara daban, yanka daban. Mu muna shanyewa don mun san zuciyarki. Shi kuwa mijinki ne, abin da kika faɗa masa a nan da shi yake komawa gida."

Maganar ta bi ta har gida.

Saura mako guda aka buga katin gayyata. Darakta ta zaɓi uku ta sa a ambulan, ta nufi shagon Mama da rana tsaka, duk da ta san ba a nemanta. Tun daga bakin ƙofa ta hango Dogo a zaune a benci, don tun da ya bar rihazal a nan yake yin yammacinsa. Ba wanda ya lura da shigowarta, saboda Mama tana tsaye a kan Baba, ta ɗaga wata riga sama tana faɗa.

"Malam, wannan wane irin aiki ne? Dubi wuyan nan ya karkace. Warware ka sake. Jiya ma sai da na ce ka sake na mai shuɗin nan. Wai idon ne ko hannun?"

"To, Hajiya," in ji Baba, ya karɓi rigar ya ɗauki reza.

Sai a lokacin Mama ta juya suka haɗa ido da surukarta. Darakta ta durƙusa ta gaishe ta. Ƴan koyo suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Baba ya cire tabarau ya dubi matarsa, ya dubi Darakta, sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Mene ne abin dariya?" in ji Mama.

"Babu. Na ji kamar na taɓa jin kalmar nan a wata waya ne."

"Wannan daban. Wannan sana'a ce."

"Waccan fa?" Ya ajiye rezar, dariyar ta bar fuskarsa. "Hajiya, shekara talatin da huɗu ina zaune a kusurwar nan. Ke kika iya yanka, ni ban iya ba. Sunanki ne a allon waje, kuma daidai ne, don aikinki ne. Ƴan'uwana babu irin sunan da ba su kira ni da shi ba, har cewa suka yi kin shanye ni. Kin manta kukan da kika yi lokacin da mahaifiyata ta ce a rufe shagon nan? Wa ya ce ba za a rufe ba?"

Mama ta kau da kai.

Baba ya juya ga ɗansa. "Kai kuma, a shagon nan ka girma. Sau nawa ka ji uwarka ta ce in sake? Na taɓa raguwa a idonka?"

"A'a, Baba."

"To me ya zaunar da kai a benci kana ƙirga ƙudaje, matarka tana can tana fama? Ranar nan na yi shiru ne don in ga ko za ka yi magana da bakinka. Ba ka yi ba."

Mama ta fizgi wani yadi ta shige ɗakin baya ta bugo ƙofa. Darakta ta ajiye ambulan ɗin a kan keken Mama, ta yi wa Baba sallama ta fita. Ba ta kalli Dogo ba, don ta san in ta kalle shi a wannan halin ba zai yafe wa kansa ba.

Washegari ana tsakiyar rihazal Dogo ya shigo siton. Ya tsaya a bakin ƙofa daidai lokacin da ake fitowar ƙarshe. Ya ji ganga tana faɗar layukan da ya yi wata biyu yana haddacewa, ya tsaya har aka gama bai motsa ba. Sannan ya tako zuwa tsakiyar fili.

"Darakta, na dawo. In da hali a mayar mini da gurbina."

Kowa ya zuba mata ido. Mai Ganga ya fara sauke gangarsa daga kafaɗa, alamar ya bar masa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ranta yana so ta ce to, amma ta dubi dattijon da ya yi kwana goma yana gumi a kan aikin, ta dubi sauran da suka tsaya lokacin da abu ya yi tsanani.

"Gurbin uba ya riga ya samu mai shi," ta ce. "Ba zan karɓe daga wanda ya tsaya in ba wanda ya tafi ba, ko da kuwa mijina ne. Abin da ya rage shi ne jan labule, sai kuma mai buga murfin tukunya a fitowa ta biyu."

Ƴar Fara ta dafe ƙirji. Dogo ya dubi ƙofar fita, ya dubi matarsa.

"Ina murfin tukunyar yake?" ya ce.

Aka saki numfashi, wasu suka yi dariya. Amma ita ba ta gama ba. Ta tako gabansa, a gaban kowa ta rusuna.

"Ni ma ina da nawa. Maganar da na yi a kan gwiwarka ba gyara ba ce, rashin ladabi ne. Ka yafe mini. Ku ma duk wanda bakina ya taɓa yanka, ya yafe mini. Zan ci gaba da cewa a sake, wannan ba fashi, amma zan gyara yadda nake faɗa."

"Tashi, don Allah," in ji Dogo. "Ni ne na bar ki ke kaɗai a gaban Mama. Wannan ya fi zafi."

A ranar tare suka koma gida. A hanya wayarsa ta yi ƙara, Anti ce. Ya ɗauka, Darakta na jin abin da yake cewa.

"Anti, ba zan rubuta komai ba, yau ko gobe. Ki daina tambayata. Matata ce, kuma a wajen aiki shugabata ce. Wanda abin ya dama ya kau da kai."

Ya kashe wayar. Bai taɓa yi wa yayarsa magana haka ba.

Ranar wasa, da la'asar, zauren ya cika har ana tsayuwa a baya. Ta ɗan tsagar labule Darakta ta hango Ummanta a tsakiya, ta hango Baba a layi na uku da sabuwar hula. Kujera biyun da ke gefensa ba kowa. Sai da aka fara fitowa ta biyu sannan Mama ta shigo, fuska a ɗaure, ta zauna ta harɗe hannu. Kujerar Anti haka ta zauna wayam har aka tashi.

Da aka zo fitowar ƙarshe, ganga ta fara magana daga bayan ƙofa, zauren ya yi shiru kamar ba mutane. Da Ƴar Fara ta miƙa hannu ta zare sakata, wani dattijo a gaba ya fashe da kuka a fili. Aka miƙe ana tafi, ana kiran a fito da mai wasan. Dogo ya kama igiya ya ja labulen da ƙarfinsa duka, ya yi wa matarsa alama da ka. Ta fito ita kaɗai tsakiyar haske.

Bayan an watse suna tattara kaya a baya, sai ga Mama ta kutso, Baba na biye. Kowa ya ja gefe. Ta wuce ɗanta ko kallonsa ba ta yi ba, ta je ta kama hannun rigar Ƴar Fara ta juya ɗinkin.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"A kasuwa muka saya, Mama," in ji Darakta.

"Shi ya sa. Ina zaune ina jin kunya. Mutane su cika zaure su zo kallon surukata, a ce ƴan wasanta suna sanye da wannan tsumman? Gobe da safe ki turo mini su duka in auna su. Kuma ke za ki zo da kanki ki faɗi kalar da kike so, ban son a zo ana ce mini ba haka Darakta ta ce ba."

"To, Mama. Na gode."

Mama ta juya za ta tafi, ta ɗan tsaya. Idonta ya yi ja, ta goge da bakin mayafi kamar wani abu ne ya faɗa mata.

"Uban nan na bayan ƙofa," ta ce, "da kin bar shi ya shigo ko sau ɗaya ne, a ga fuskarsa."

"A'a, Mama. A nan zai tsaya."

Mama ta harare ta, sannan ta girgiza kai. "Ke dai ba kya jin magana." Amma a wannan karon da murmushi ta faɗa.

Wasan ya yi wata huɗu ana nuna shi, Dogo na jan labule bai taɓa fashi ba. A wasan da ya biyo baya ya koma babban gurbi, bayan ya yi gwaji kamar kowa ya ci. Anti ta yi kusan shekara ba ta taka gidansu ba, sai da Darakta ta haihu sannan ta zo, ta ɗauki jaririyar ta ce hancin nasu ne, aka wuce wurin.

Da Darakta ta saki abin da Allah ya ba ta don tsoron bakin mutane, da ta zauna da mijinta tana jin haushinsa har tsufa. Da kuma ta tattara ta bar ɗakinta cikin fushi, da ta rasa mutumin da take so. Ta riƙe gaskiyarta, ta riƙe ladabinta, ta kuma karɓi gyara a inda ta yi kuskure, shi ya sa ta samu duka biyun. Namiji ba ya raguwa don ya bi matarsa a abin da ta fi shi iyawa, mace ba ta ƙaruwa da yanka mijinta a gaban jama'a. Iyaye kuma, kafin su yanke wa ƴaƴansu hukunci saboda abin da mutane za su ce, ya kamata su fara tuna yadda su ma suka gina nasu gidan.